Daga Zariya Zuwa Morpeth: Yadda Na Bi Sawun Wani Kiɗan Goge Mai Suna Barkatai

Kakana na wajen uwa makaɗin goge ne. Ban tashi na same shi yana yi ba, don kafin a haife ni ya ajiye, ya je Makka ya dawo, kuma a gidanmu ba a ta da zancen. Gogen dai yana nan rataye a ɗakin kakata cikin wani tsohon buhu, fatar guzar ta tsage, tsagiyar duk ta zube. Ranar da ta ga ba kowa sai ta sauko da shi ta kaɗe ƙura ta ba ni labari. Abin da ta fi maimaitawa shi ne wani kiɗa nasa da a Funtuwa ake kira da sunan wani direban babbar mota, a Gusau kuma da sunan wata mai tuwo, alhali kiɗan ɗaya ne, ko ɗigo bai sāke ba. Wanda ya yi kyauta a gari, shi ke da kiɗan a garin.

Wannan labarin ne ya faɗo mini a rai wani dare ina kallon masu gogen Turawa a YouTube. Na ji wani kari mai tsalle-tsalle da aka rubuta wa suna Morpeth Rant, ya zauna mini a kunne. Bayan kwana biyu na ji wani ɗan Amurka yana goga shi, shi kuma ya ce sunansa Jim Clark's Hornpipe. Can kuma na gan shi da sunan Shield's Hornpipe. Ana nan sai ƙanena da ke aikin jinya a Newcastle, a arewacin Ingila, ya aiko mini da takardar gayyata in je in ga ɗan da aka haifa masa, wanda ya yi wa mahaifinmu takwara. Na buɗe taswira, sai ga Morpeth gari ne sosai, mil 15 kacal arewa da inda yake. Na ce to, tafiya ta samu dalili biyu.

Biza ta ci fam 115, a lokacin da fam ɗaya ke neman naira 2,000. Kuɗin jirgi kuwa ƙanena ne ya biya, da na ji adadin sai da na ce masa da fili ya saya a bayan gari. Na bar Zariya ranar Litinin 21 ga Afrilun 2025 bayan sallar asuba. Tsakaninmu da Kaduna an tsayar da mu a shinge uku, kuma a duka ukun direba ne ya sauka ya yi musafaha ya dawo yana tsaki. Daga Rigasa na hau jirgin ƙasa na sauka Kubwa, na kwana gidan wani abokin karatuna, washegari da sassafe muka tashi daga Abuja. Awa shida da 'yan mintuna muna Landan. Na kai hannu zan gyara agogo, wani maƙwabcina a kujera ya ce in bar shi, a wannan lokacin na shekara agogonsu da namu ɗaya ne.

Jami'in shige da fice ya tambaye ni abin da ya kawo ni, da kwana nawa zan yi, da wanda zai ɗauki nauyina. Na miƙa masa takardun ƙanena, na ƙara da cewa zan kuma je Morpeth neman asalin wani kiɗa. Ya ɗago ya dube ni, ya yi 'yar dariya, ya buga hatimi. Jakata cike take da saƙon mai jego: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yajin jego da mahaifiyarmu ta daka da kanta. Kilishi ne kawai na bari a gida, don an gargaɗe ni cewa ba a shiga ƙasar da nama. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ɗauke ni daga filin jirgi kai tsaye zuwa tashar King's Cross, daga nan na hau na arewa da tikitin fam 58. Wajen York ɗumin cikin jirgin ya fara aiki a kan daddawa. Wata mata da ke gefena ta riƙa shinshina iska tana duban ƙasan kujera, ni kuwa na ƙura wa taga ido ina kallon gonaki masu rawayar fure da 'yan raguna, kamar ban san komai ba.

Awa uku muka yi. Ƙarfe takwas na dare ta yi rana ba ta faɗi ba, ga wata iska mai ratsa ƙashi, ni da na baro Zariya ana kwana a tsakar gida saboda zafi. Garin Newcastle kuwa ko'ina baƙi da fari, a tagogi, a motoci, har a wuyan karnuka, don a watan Maris ƙungiyarsu ta ƙwallon ƙafa, mai sa baƙi da fari, ta doke Liverpool da ci 2 da 1 ta ɗauki kofi, abin da rabonsu da shi a cikin gida shekara 70. Turancinsu ne ya ba ni kashi. Na yi shekaru ina koyar da Turanci a sakandare, amma da mai shago ta yi mini magana sai na tsaya kamar Bazazzagin da aka ajiye a tsakiyar kasuwar Illela. Ta kuma kira ni da kalmar da suke kiran dabbar da ake kiwo a ɗaki don sha'awa. Na fara ɓata rai, ƙanena ya ce, “Yaya, haka suke kiran kowa, kalmar so ce.”

Kwana biyu na farko na jariri ne da tuwon semo da miyar kuka. Amma ranar Laraba da yamma na sulale na taka wata gada da ake kira High Level, wadda Robert Stephenson ya tsara aka buɗe a 1849. Hawa biyu ce, jirgin ƙasa a sama, mutane da motoci a ƙasa, kogin Tyne can ƙarƙashi. A tsallakenta, garin Gateshead, wani mai goge ya zauna, James Hill, wanda ya rasu a 1853. A gidajen giya ya yi sana'arsa, kuma sunayen kiɗe-kiɗensa sun nuna haka: ɗaya sunan gadar nan, wasu sunayen mashaya, ɗaya kuma sunan wata goɗiyar sukuwa, Beeswing, wadda ta ci tsere sau 51. Ina tsaye kan gadar jirgi ya wuce ta samana, ƙarafa suna rawa, na ce a raina ashe ko a nan ma makaɗi inda yake ci nan yake wa kirari.

Ranar Alhamis na nufi Swalwell, mahaifar William Shield, mutumin da ake yawan jingina masa kiɗan da nake nema. Na je da zumuɗi, na tarar da garejin motoci da kantuna da titi mai hayaniya. Wani yaro da na tambaya bai taɓa jin sunan ba. Sai da na hau tudu zuwa Whickham, ina haki, na samu dutsen tunawa da shi a harabar coci. Wata tsohuwa da ke gyaran furanni ta ga baƙon mutum da hula zanna yana leƙen duwatsu, ta zo ta tambaye ni ko na ɓata ne. Da na ambaci Shield sai fuskarta ta washe.

An haife shi a 1748. Ubansa malamin kiɗa ne, ya rasu yaron bai kai shekara goma ba, aka kai shi koyon sassaƙar jirgin ruwa a South Shields. Bai saki goge ba, ya yi karatun kiɗa wajen Charles Avison a Newcastle, daga baya ya tafi Landan ya zama mai tsara kiɗan gidan wasan Covent Garden. A 1817 aka naɗa shi shugaban makaɗan sarkin Ingila, wato sarkin kiɗa na fada, kuma da ya rasu a 1829 a babbar cocin Westminster Abbey aka binne shi, inda aka binne sarakunan Ingila na da. Abin da ya fi jan hankalina a tarihinsa shi ne yadda yake ɗibar karin waƙoƙin mutanen karkara yana sakawa a wasanninsa. A ƙarshen mabuɗin wani wasa nasa na 1782, Rosina, akwai wani kari da ya yi kama ƙwarai da waƙar nan da Turawa ke rerawa daren shiga sabuwar shekara, Auld Lang Syne, har aka yi ta jayayya tsakanin 'yan arewacin Ingila da 'yan Sikotland kan wa ya riga wa. Mutumin da ke da wannan hali, in ka ga sunansa a kan kiɗan rawa, yana iya zama shi ya ƙaga, yana iya zama shi ya tsinta ya wanke ya kai birni. Na sauko daga tudun da wannan tunani, da kuma ƙafa mai ciwo.

Juma'a na yi ta a South Shields, kuma na ji daɗin da ban zata ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 'yan Yaman masu aikin jiragen ruwa suka zauna a garin, kuma masallacinsu na unguwar Laygate, wanda aka gina a 1971, yana cikin na farko-farko da aka gina musamman don salla a ƙasar. A nan aka sa wa auren Muhammad Ali ɗan dambe albarka a 1977. Na yi sahu da dattawa masu kamannin Larabawa da bakin 'yan Newcastle. Bayan an idar na gangara bakin teku, inda Shield ya yi ƙuruciyarsa cikin katako da kwalta, na sayi soyayyen kifi da dankali na fam 11 bayan na tabbatar da irin man da aka soya. Tsuntsayen teku suka kewaye ni kamar shirwa a mahauta, ɗaya ma sai da ta fizge mini dankali a hannu.

Da yamma ƙanena ya raka ni tashar Haymarket. A nan ake hawan bas ɗin Morpeth. Yana miƙo mini jaka ya ce, “Yaya, ka san fa irin wannan kiɗan a mashaya ake yin sa. In wani ya ɗauke ka hoto ya kai gida, ni ba ruwana.” Na ce masa jikan mai goge ba ya jin wannan barazana. Amma maganar ta bi ni har cikin mota.

Morpeth ƙaramin gari ne mai tsabta, kogin Wansbeck ya yi masa rawani. Na kama ɗaki a gidan wata mata, fam 75 kwana ɗaya har da karin kumallo, na yi lissafinsa da naira sau ɗaya na daina don kada barci ya gagare ni. Ƙarfe takwas daidai na ji ƙararrawa daga wata tsohuwar hasumiyar agogo da ke tsakiyar gari. Matar ta ce ta hana yawon dare ce tun zamanin da, dokar ta mutu amma ba a daina bugawa ba. Da safe na ce mata ba na cin naman alade, ba ta nuna komai ba, ta kawo mini ƙwai da wake da wani bandataccen kifi na ƙauyen Craster da ke bakin teku. Wallahi ƙamshinsa sak bandar Baga, sai dai babu yaji. Na ɗauko ɗan kullin yajin jego da na rage a aljihun jaka na barbaɗa. Ta ce ta ɗanɗana, na ba ta, ta sha ruwa kofi biyu.

Na daidaita zuwana ne da taron al'adun yankin da ake yi a garin duk ƙarshen makon da ke bin Ista, tun 1968. Ranar Asabar da hantsi aka yi jerin gwano na kwaikwayon dawowar wani basarake, Lord Greystoke, daga yaƙin Otterburn na 1388. Wanda ya saba ganin hawan sallah a Zazzau ba zai ce wannan hawa ba ne, don duka taron bai kai tawagar hakimi ɗaya ba. Sai dai akwai abin kallo: masu rawa da takalman katako suna buga ƙasa kamar ana sussuka, da tsofaffi masu gasar waƙa da karin harshen yankin, wanda ko Turawan kudu ba sa ganewa.

Daga nan na shiga gidan tarihin algaitar jaka, a wani ginin dutse na ƙarni na 13 da ke bakin tsohuwar gada. Kayan na wani mai gyaran agogo ne, William Cocks, wanda ya kwashe rayuwarsa yana tarawa, aka dawo da su nan daga Newcastle a 1987. Mu algaitar jaka da muka sani ita ce ta Sikotland, wadda 'yan badujala ke busawa a fareti. Ta nan yankin daban ce. Ƙarama ce, muryarta siririya, ta cikin ɗaki, kuma ba a sa mata baki. Zuga-zugi ake ɗaurawa a hammata, kamar na maƙera, ana matsawa da gwiwar hannu. Na tuna masu algaitarmu da kumatu kamar za su fashe, na ce kai, Bature da neman sauƙi. Har yau basaraken yankin, Duke na Northumberland, yana da mabushinsa na fada.

A nan na haɗu da dattijon da ya sa kwalliyar tafiyata ta biya kuɗin sabulu. Yana zaune a kusurwa da akwatin goge a cinya, gashi fari fat, yatsu duk sun kanannaɗe. Na nuna masa hoton gogen kakana a waya. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, ya tambaye ni ina sauran tsirkiyoyin. Na ce ɗaya ce tal, ita ma tsagiyar doki ce, ƙoƙon ƙwarya ne, fatar guza ce, kuma ƙaro ake goga wa bakan. Ya buɗe akwatinsa ya ciro wani dunƙulen ƙaro mai ruwan zuma ya ɗora mini a tafi. Nasu tsirkiya huɗu, jikin katako, amma bakan tsagiyar doki ne kamar namu. Ya ce in same su ƙarfe uku a wata mashaya, za su zauna.

Na yi zarya a ƙofar sau biyu kafin na shiga. Maganar ƙanena tana kunnena, ga kuma abin da na taso ina ji, cewa goge kiɗan bori ne da gidan mata masu zaman kansu, abin da ya sa kakana ya rataye nasa. Na yi bisimilla na tura ƙofa, na sayi lemo na fam 3 na samu lungu. Mutum wajen goma sha biyar ne suka yi da'ira a ɗakin baya, masu goge, masu algaitar hammata, da masu wani akwatin kiɗa da ake ja ana matsawa. Babu shugaba, babu maroƙi, babu mai liƙi. Wani zai fara, sauran su bi, a yi kiɗa sau uku a zarce wani. Wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba tana kusa da kakarta, kowa da gogenta. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da komai a tafiyar.

Dattijon ya ɗaga baka ya nuna ni, ya ce ga baƙo daga Najeriya ya zo neman Morpeth Rant. Suka kwashe da dariya, suka ɗauka gaba ɗaya. Jin sa a waya daban, jin sa a ɗakin da katakon ƙasa ke amsawa daban. Zubi biyu ne, kowanne gaɓa takwas, kowanne a maimaita, jimla 32, kuma kowane zubi yana ƙarewa da bugu uku da kowa ke takawa da ƙafa. Suna gamawa ya ce to saurara, ya goga wani kari shi kaɗai, mai kama da na farko ta wajen tafiya amma ba shi ba ne. Ya ce wannan shi ne tsohon Morpeth Rant. Na ce yaya kiɗa biyu suna ɗaya, ni da na zo da ƙorafin kiɗa ɗaya suna goma?

Ya ja kujera kusa da ni. Abin da ya faɗa, da abin da na ƙara dubawa a littafin da ya ara mini daren nan, ga shi a taƙaice. Kalmar rant sunan wani taku ne na rawa, kuma akwai rawar layi da ake kira Morpeth Rant, wadda wata mai tattara al'adu, Maud Karpeles, ta rubuta yadda ake yin ta aka buga a 1931. To rawa takan ba kiɗa sunanta. In sabon kiɗa ya zo ya fi daɗin takawa, sai ya gaje sunan, na da ya koma “tsoho”. Kalmar hornpipe kuma asalinta wani abin busa ne mai ƙahon dabba a baki, daga baya ta zama sunan rawar mutum ɗaya da ake yi a dandamali tsakanin fitowa da fitowa a gidajen wasa. Masu wannan rawa suna da suna a zamaninsu, kuma kiɗan da mutum ya saba takawa yakan koma nasa a bakin jama'a. Ga kuma masu goge na ƙauye, waɗanda kowa ke da ɗan littafinsa na hannu. Mutum ya ji kiɗa a wajen biki, ya dawo gida ya rubuta, sunan ya ɓace masa, sai ya sa sunan wanda ya ji a wurinsa. Sannan masu ɗab'i a Landan da Edinburgh da Boston, waɗanda ke son a ce littafinsu sababbin kaya ne, su ma sukan sāke wa tsohon kiɗa riga. Ta haka kari ɗaya ya zama Shield's Hornpipe a nan, West's ko Wood's Hornpipe a can, ya haye teku ya zama Jim Clark's, wasu ma suka buga shi da sunan Morpeth's Hornpipe, sai ka ce Morpeth wani bawan Allah ne mai gemu.

Ya ce ba shi kaɗai ba ne. Suka goga mini wani da na sani tun ina yaro a katun ɗin Popeye, wanda duniya ke kira Sailor's Hornpipe. Tsohon sunansa College Hornpipe, wasu kuma Jack's the Lad suke ce masa. Suka ƙara da Soldier's Joy, wanda ake bugawa tun wajen shekarun 1760, kuma a wasu wurare King's Head ne sunansa. Littafin da ya ara mini kuwa bugu ne na kundin wani William Vickers, wanda ya fara rubuta kiɗe-kiɗen yankin da hannunsa a 1770. Kimanin 580 ne suka tsira. Wasu shafukan sun ɓata, amma sunayen abin da ke cikinsu na nan a jerin farkon littafin. Na kwanta ina bin jerin da yatsa, sunaye tsirara ba kiɗa, kamar kirarin mutanen da ba wanda ya san kabarinsu.

Na ba shi labarin direban Funtuwa da mai tuwon Gusau, na kuma yi masa bayanin take, yadda a wurinmu ganga ke kiran mutum da sunansa, manomi da nasa, mahauci da nasa, ɗan dambe ya ji nasa tsuma ta tashi. Ya yi shiru, sannan ya ce ai ku kun fi mu gaskiya, ku kun san dalilin sa sunan. Ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba. Su sun rubuta, shi ya sa bayan shekara 250 ake iya zama a ɗora littafi kan littafi a gane cewa wannan da wancan uwa ɗaya uba ɗaya ne. Kiɗan kakana kuwa, da sunan direban da na mai tuwon, duk sun tafi tare da kakata.

Da dare aka yi rawa a babban zauren gari, kuma a nan na ji kunya. Matar da ke jagorantar rawar tana koyar da takun ne da kalmomi, sunan soyayyen dankalin nan na leda take maimaitawa, gaɓoɓin kalmar su ne bugun ƙafar. Na ce ashe su ma kiɗansu yana magana. Na tsaya a bayan zaure ni kaɗai ina gwadawa, ɗan tsalle, taku uku, ɗan tsalle. Ƙafar hagu ta ƙi bin umarni, hulata ta faɗi, wani yaro ya tsinto mini yana ƙunshe dariya. Tsofaffi masu shekara saba'in suka yi ta yi har sha ɗaya, ni minti biyar na nemi kujera. Lahadi da safe na mayar wa dattijon littafinsa, ya ba ni dunƙulen ƙaron nan ya ce in kai wa gogen kakana.

Sauran kwanakin na iyali ne, dawowa kuma ba abin faɗa sai jakar da ta yi nauyi da tsaraba.

Mako biyu da komowata na hau babur zuwa wani ƙauye a hanyar Giwa, wajen wani tsoho da ya yi wa kakana yaranta, shi ke buga masa ƙwarya a da. Ido ya yi rauni amma har yanzu yana taɓa goge in an matsa masa. Na ba shi ƙaron, ya shinshina, ya lasa, ya ce mai kyau ne. Na kunna masa abin da na ɗauka a mashayar. Ya ce in sāke. Na sāke. A karo na uku ya sa aka ɗauko gogensa, ya gasa fatar a rana, ya gyara zaman jaki, ya fara lalube. Zubin farko ya fito, ya karkace ya koma irin namu, wurin da Turawa ke tsalle shi yana ja. Zubi na biyu ya ƙi, ya ce wannan sai mai tsirkiya huɗu.

Ya ajiye baka ya ce, “Ɗan nan, kiɗan wa ke nan?”

Na ce, “Baba, ai abin da ya kai ni ke nan.” Na shiga lissafa masa: Shield, West, Wood, Jim Clark, da garin Morpeth kansa.

Ya ce, “Duk sun biya?”

Na ce ban ji an ce ko ɗaya ya biya ba. Ya girgiza kai, ya ce lallai makaɗan Turawa suna da haƙuri. Ya sāke ɗaukar gogen ya maimaita zubin farko, wannan karon har da 'yar murya a kai, na ji yana saka sunana da na kakana a ciki. Da ya kai ƙarshe ya buga ƙafa sau uku kamar yadda ya ji a waya, ya miƙo mini tafin hannu. Naira 2,000 ce a aljihuna, na ba shi, ya ce saura na mai ƙwarya.